Darasi na 7: Kare Kaya da Tufafi daga Ruwan Sama Lokacin Shiga Jirgi ko Mota

MANUFOFIN DARASI

A ƙarshen wannan darasi ana so mai koyo ya iya:

1. faɗin wuraren da kayan matafiyi suka fi jiƙewa da damina;
2. bambance jakar da ke jure yayyafi da abin da ruwa ba ya ratsawa;
3. shirya kaya tun daga gida yadda ruwa ba zai taɓa tufafi da takardu ba;
4. lissafa yawan ruwan da ke sauka a kan kayan da aka bari a fili;
5. sanin abin yi idan kaya sun riga sun jiƙe.

1. DAMINAR KADUNA DA IRIN RUWANTA

A Kaduna ruwa yakan fara sauka a watan Afrilu ya ɗauke a Oktoba, ya fi ƙarfi a Agusta da Satumba. Abin da ke zuba a garin a shekara ya kai kimanin milimita 1,200. Wata 7 ke nan cikin 12 da matafiyi ke fita gida da yiwuwar ruwa ya same shi a hanya.

Ruwan ba iri ɗaya ba ne. Na farkon damina da na ƙarshenta hadari ne da yakan taso daga gabas, galibi da la'asar ko da dare. Iska ce ke fara isowa da ƙura, sai ruwa ya biyo baya da ƙarfi. Ba ya daɗewa, amma a karkace yake zuba, yana shiga ƙarƙashin lema da rumfa. Na tsakiyar damina kuwa marka ce, tana zuba a hankali tun safe har yamma. Mutane sun fi tsoron na farko, alhali marka ta fi ɓata kaya, domin ba wanda ke gudu saboda yayyafi. Sai a bar jaka a waje awa biyu tana sha ba a lura ba.

MUHIMMAN KALMOMI
Marka: ruwan da ke zuba a hankali na tsawon lokaci, musamman a watan Agusta.
Feshi: ruwan da iska ke turowa a karkace, ya shiga inda aka fake.
Milimita: ma'aunin ruwan sama. Milimita 1 na nufin lita 1 ta sauka a kan fili mai tsawon mita 1 da faɗin mita 1.

Misali na 1

An ɗaure kaya a saman bas ba a rufe ba. Tsawon kayan mita 2 ne, faɗinsu mita 1. Girman filin ke nan 2 × 1 = murabba'in mita 2. A ce an yi ruwa milimita 30, abin da hadari ɗaya mai ƙarfi kan iya zubarwa. Ruwan da ya sauka a kan kayan shi ne 30 × 2 = lita 60. Jarka 3 ke nan masu cin lita 20 aka juye a kan tufafin mutane. Wani zai gangare ƙasa, amma saura zai nemi duk wata kafa ya shiga.

2. A INA KAYA KE JIƘEWA?

Kaya ba sa jiƙewa a ɗaki, kuma da wuya su jiƙe a cikin tarago. A tsakani suke jiƙewa: daga ƙofar gida zuwa tasha, a layin shiga, a wajen lodi, da wajen sauka. Mu duba yadda abin yake a wuraren da muka sani.

Jirgin ƙasa na Kaduna zuwa Abuja ya fara aiki a watan Yulin 2016. Yana tashi daga Rigasa zuwa Idu, tafiyar kilomita 186, kuma taragunsa a rufe suke. Sai dai mutumin da ya fito daga Malali ko Kawo ko Unguwar Sarki sai ya hau keke napep ko tasi kafin ya kai Rigasa. Keke ba shi da ƙofa, labulen tamfol ne kawai a gefe, akwati kuma a bakin ƙafa yake zama, daidai inda motoci ke watso ruwan titi. In an sauka ga layi, ga binciken kaya. Tun 2021 ana sayen tikitin wannan jirgi ta intanet, don haka ga mutane da yawa waya ita ce tikiti. Ta jiƙe ta mutu, tafiya ta shiga matsala tun ba a fara ba.

A tashar Kawo, inda ake hawa motocin Zariya da Kano da Katsina, mota ba ta tashi sai ta cika. Jakarka na iya zama a ƙasa ko a but buɗaɗɗe tsawon jiran nan. Sau da yawa kaya kan yi wa but yawa, sai a ɗaure murfin da igiya a bar shi a ɗage, a kama hanya a haka.

Maniyyata da ke taruwa a sansanin alhazai na Mando su ma abin ya shafe su. A 2024 da 2025 a watan Mayu aka fara jigilar alhazan Najeriya, damina ta riga ta kama. Babbar jaka rabuwa ake yi da ita, ba a sake ganinta sai an sauka.

Haka yake har a manyan jiragen ruwa na yawon shaƙatawa da ke tashi daga biranen bakin teku irin su Miami a Amurka da Barcelona a Sifen, masu ɗaukar dubban mutane. Fasinja yakan miƙa babban akwatinsa ga 'yan dako a bakin tasha, ba ya ganinsa sai bayan sa'o'i an kai masa ƙofar ɗaki. A tsakani akwatin na iya zama a kan amalanke ruwa na dukansa. Jirgin na alfarma ne, amma damuwar fasinjan ɗaya ce da ta mai jiran mota a Kawo.

Ƙa'idar da za ku riƙe daga wannan sashe ita ce: duk jakar da za ta bar hannunku, ku ƙaddara a fili za a ajiye ta.

3. ME JAKARKU ZA TA IYA?

Mai sayar da jaka a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi zai iya ce muku ruwa ba ya shigarta. Yadin yake nufi, kuma mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Amma jaka ba yadi ba ce kawai, akwai zif da ɗinki da wajen da aka kafa taya da hannu, kuma ta nan ruwa ke bi.

Akwatin yadi mai taya yana jure yayyafi na ɗan lokaci, in aka ja shi ta cikin kududdufi kuwa ta ƙasa yake sha. Akwatin roba mai tauri jikinsa ba ya shan ruwa, sai dai zif ya zagaye tsakiyarsa, in an tsayar da shi zif ɗin sama yake kallo. Jakar bakko, wadda aka fi sani da Gana-mas-go, saƙar zaren leda ce. Ku ɗaga tsohuwa sama ku kalli rana ta cikinta, za ku ga ƙananan kafofi birjik. Kwali shi ne mafi rauni: ya jiƙe gindinsa ya ɓalle, kaya su zube a tsakiyar tasha. Akwatin ƙarfe irin na 'yan makarantar kwana ya fi su tare ruwa, amma in danshi ya shiga yakan bar tsatsa a jikin tufafi.

MUHIMMAN KALMOMI
Mai jure ruwa: abin da ke tare yayyafi na ɗan lokaci, daga baya ruwa ya ratsa shi.
Mai hana ruwa: abin da ruwa ba ya ratsawa matuƙar bai huje ba, kamar leda mai kauri da roba mai murfi.
Shimfiɗar ciki: babbar ledar da ake fara sakawa a cikin jaka kafin a zuba kaya.

4. KARIYA DAGA CIKI

Wannan shi ne sashe mafi muhimmanci a darasin, kuma aikin gida ne, ba na tasha ba.

Yawancin mutane in sun ga hadari sai su nemi leda su lulluɓe jaka ta waje. Ba laifi ba ne, amma ledar waje ba ta kai ko'ina. Igiya na yanka ta, ƙarfen but na huda ta, ɗan dako na yage ta don ya sami hannun jaka, mai bincike kuma zai ce a buɗe. Ledar da ke ciki kuwa jaka ce ke kare ta daga yagewa, ita kuma tana kare kaya daga ruwa. Kowanne na yin aikin da ɗayan ba zai iya ba.

Ga yadda ake yi:

1. A samo babbar leda mai kauri. A gwada ta: a tara iska a ciki, a murɗe bakin, a matsa. In iska na fita, ruwa zai shiga.
2. A shimfiɗa ta a cikin jaka, bakinta ya zarce bakin jakar da kamar tsawon hannu.
3. A jera kaya, a danna iska ta fita.
4. A murɗe bakin, a lanƙwasa shi ya kalli ƙasa, sannan a ɗaure da igiya ko robar ɗaure kuɗi. Bakin da ke kallon sama ruwa na iya taruwa a cikinsa ya tsiyaya.

Akwai sharaɗi ɗaya da ake yawan mantawa. Leda ba ta bari ruwa ya shiga, kuma ba ta bari ya fita. Kayan da aka kwaso daga igiyar shanya da sauran danshi, ko aka ninke da zafin guga bayan an yayyafa musu ruwa, in aka kulle su a leda za su iso da warin danshi ko da ɗigo ɗaya bai taɓa jakar ba. A tabbata sun bushe ƙayau kuma sun huce.

Sai rabe-raben kaya. Sabuwar atamfa da shadda mai rini da duk yadin da ba a taɓa wankewa ba suna iya zuba in sun jiƙe, don haka kada su haɗu da farare a leda ɗaya. Shaddar da aka sa wa sitaci aka buga, ruwa kaɗan ya ishe shi kashe ƙyallinta ya bar mata shaci, kuma gyaranta sai an koma wajen mai wanki. Hula kube ko zanna ta fi zama lafiya a ƙaramin bokitin roba mai murfi, ba ta jiƙa ba kuma ba ta lotsa ba. Takalmin fata ledarsa daban. Garin tuwo da kuka da daddawa da yaji da kilishi, kowanne a ninka masa leda biyu, domin gari in ya sha ruwa ya tashi daga aiki. Man ja da man gyaɗa da kwalbar humra kada su shiga jakar tufafi ko kaɗan. Ɓarnarsu ta fi ta ruwan sama wuyar fita.

Misali na 2

Wata uwa daga Unguwar Shanu za ta biki Kano a watan Agusta, za ta hau mota a Kawo. Tana da jakar bakko ɗaya. Kayanta: sabuwar atamfar anko, farin leshi, mayafai 2, takalmin fata, turaren wuta, da kwalbar man gyaɗa da za ta kai tsaraba.

Ta shimfiɗa babbar leda a jakar. Ankon ya shiga ƙaramar leda shi kaɗai, domin sabo ne. Leshi da mayafai suka shiga wata. Takalmi da turare kowanne da tasa, ta sa su a ƙasa, tufafi a sama. Man gyaɗa ta ɗaure shi daban, za ta ajiye a bakin ƙafarta.

A ce babbar leda Naira 500 ce, ƙanana 4 kuma Naira 100 kowacce. Ta kashe 500 + (4 × 100) = Naira 900. A ce leshin da ɗinkinsa sun ci mata Naira 45,000. Idan aka raba 45,000 da 900 za a sami 50. Wato kuɗin ledojin kashi 1 ne cikin 50 na kuɗin leshin kaɗai, ba a ma lissafa sauran kaya ba.

5. JAKAR HANNU DA KAYAN JIKI

Abin da ba za a iya rasawa ba, ba ya shiga babbar jaka. Tikiti, katin shaida, fasfo, takardun makaranta ko na asibiti, kuɗi, magani, waya da caja, duk a jakar hannu, kowanne cikin leda mai zif ko leda ɗaurarriya. A ƙara da kaya kala ɗaya na canji, musamman ga yara da tsofaffi. Taragon jirgin Abuja akwai na'urar sanyaya ɗaki, zama a cikinsa sama da awa biyu da jiƙaƙƙiyar riga wahala ce da ba dole.

Ranar tafiya ba ranar kwalliya ba ce. Babbar riga da doguwar abaya mai jan ƙasa su ke kwashe taɓo. A sa takalmin roba, mai kyan ya jira a jaka. Mai kaya a hannu biyu rigar ruwa ta fi masa lema amfani, ga shi iskar hadari na juya lema. In ana tsawa kada a fake a gindin bishiya, a nemi gini.

Kafin a fita a saurari hasashen yanayi. Hukumar NiMet na fitar da shi kullum, gidajen rediyo na karantawa, ana kuma samunsa a waya. Tafiyar safe ta fi tsira daga hadarin la'asar.

6. A WAJEN LODI

Kada a miƙa jaka a shige mota a zauna. A tsaya a ga inda aka sa ta. Kwandasta na da kayan mutane da yawa a gabansa, bai san abin da ke cikin kowace jaka ba sai an gaya masa, kuma magana mai daɗi ta fi faɗa saurin biyan buƙata. Ga yadda uwar nan ta Misali na 2 ta yi:

"Sannu da aiki, ɗana. Wannan jakar tufafi ce. But ɗin zai rufu kuwa?"

"Sai dai mu ɗaure, Hajiya. Kaya sun yi yawa."

"To don Allah tura ta can ciki, waɗancan robobin su dawo baki, su ruwa ba ya yi musu komai."

"An gama, Hajiya. Zan ja tamfol a kai ma."

"Allah ya yi maka albarka."

In a saman mota za a ɗaure, a duba abu biyu. Gaban tamfol ya shiga ƙarƙashin kaya, in ba haka ba iska za ta ɗaga shi mota na fara gudu. Kuma kada a bar masa kwari a tsakiya, nan ruwa ke taruwa har ya sami huda. Lokacin jira kuwa, jaka ta hau benci ko dutse ko bulo. Simintin tasha kan yi kamar a bushe yake, minti kaɗan bayan an fara ruwa ya zama hanyar ruwa.

7. IN KWALEKWALE ZA A SHIGA

Akwai wurare a gaɓar Kogin Kaduna da masu kwalekwale ke tsallakar da mutane, kuma kogin kan cika ya yi ƙarfi a Agusta da Satumba. A kwalekwale ruwan ƙasa ya fi na sama jiƙa kaya, domin kullum akwai ruwa kwance a cikinsa. A ɗora jaka a kan katako ko a cinya.

Nan maganar rai ta sha gaban maganar kaya. Kada a ɗaura jaka mai nauyi a jiki ko a rataya ta a wuya, domin in wani abu ya faru za ta ja mutum ƙasa. A sa rigar kariya in akwai. Kada a shiga in an yi lodi fiye da ƙima, ko hadari ya haɗo, ko dare ya yi. Jiran awa ɗaya a bakin gaɓa ba asara ba ce.

8. IN KAYA SUN RIGA SUN JIƘE

A buɗe jaka da zarar an isa, kada a bari sai gobe. Fumfuna na iya fara tsirowa a kan kaya masu danshi cikin kwana 1 zuwa 2. A fara raba masu launi da farare. Farin da launi ya zuba a kansa a ɗauraye shi da ruwan sanyi tun bai bushe ba, kuma kada a goge shi, zafi na kama tabo. In ba rana a shanya inda iska ke wucewa.

Takardu a shimfiɗa su ɗaya-ɗaya a inuwa, waɗanda suka manne kada a fizge su. Takalmin fata a cusa masa tsohuwar jarida, a nisanta shi da wuta, zafi na fasa fata. Waya a kashe ta nan take, a cire sim, a goge, a bar ta ta sha iska. Kada a sa ta caji don a gwada ko tana aiki, yin haka na iya ƙona ta. Tura ta cikin shinkafa ba ya fitar da ruwan da ya shige ciki. In ba ta farfaɗo ba a kai wa mai gyara. Jakar ita ma a bar ta a buɗe ta bushe kafin a mayar da komai.

MUHIMMAN KALMOMI
Zuba: fitar launi daga yadi idan ya jiƙe, har ya ɓata na kusa da shi.
Fumfuna: farin abu ko baƙi ko kore da ke tsirowa a kan kaya masu danshi, mai wari, mai barin tabo.

TAMBAYOYIN BITA

1. A waɗanne watanni ruwa ya fi ƙarfi a Kaduna?
2. Me ya sa marka kan fi hadari mai iska ɓata kaya?
3. Faɗi wurare 3 da kaya ke jiƙewa tsakanin gida da cikin jirgi a Rigasa.
4. Ta ina ruwa ke shiga akwatin roba mai tauri?
5. Kawo dalilai 2 da suka sa ledar ciki ta fi ta waje.
6. Me zai faru in aka kulle kaya masu danshi a leda?
7. An bar kaya masu tsawon mita 3 da faɗin mita 1 a fili, aka yi ruwa milimita 20. Lita nawa ta sauka a kansu? Jarka nawa ke nan mai cin lita 20?
8. Wani tela zai kai wa ango farar shadda da hula kube daga Tudun Wadar Kaduna zuwa Zariya a watan Satumba. Bayyana yadda zai shirya su.
9. Me ya sa ba a ɗaura jaka mai nauyi a jiki a cikin kwalekwale?
10. Aikin aji: kowa ya zo da leda da 'yar jaka, a gwada ledar da iska, a shirya kaya, a ɗaure bakin yadda aka koya a sashe na 4.